Gyaran Kicin Daki-daki: Sati Bakwai Ina Girki a Tsakar Gida

Cikin watan Agusta ne, ana tsuga ruwan nan na Jos da ba ya son ɗaukewa, na sunkuya zan ɗauko tukunyar tuwo a ƙarƙashin sinki. Sai hannuna ya nutse cikin katakon kamar na danna jiƙaƙƙen burodi. Ina janye tukunyar ƙasan kabinet ɗin ya rufta, kyankyasai suka watse kowa ya kama gabansa. Ashe shekara da shekaru fayif na ɗiga a bayan katako, ni kuma kullum ina zargin damina da warin da nake ji.

Gidanmu a Rikkos tsohon gini ne na iyayen maigida, kuma surukata, Hajiya, tana tare da mu. Da ta leƙo ta ga ɓarnar, dariya ta yi ta ce, "To, gaba ta kai ki, gobarar Titi. Shekara nawa kina roƙon a gyara miki kicin?" Haka kuwa aka yi. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda aikin ya kamata ya bi, tare da wuraren da muka yi daidai da waɗanda muka yi tuntuɓe. In zan dunƙule shi, sai in ce a fara da abin da ido ba ya gani, wato ruwa da wayar lantarki da hayaƙi, a ƙare da abin da baƙi za su yaba. Yawancinmu ta baya muke farawa, mu zaɓi launin tayil tun ba a san inda ruwan wanke-wanke zai bi ba.

Mataki na farko: sati guda kina kallon kanki

Kada ki kira kowa tukuna. Nemi ƙaramin littafi ki ajiye kusa da gishiri, ki yi sati ɗaya kina rubuta duk abin da ya ba ki haushi a lokacin da ya faru. Ina kike tsayawa ki gyara kayan miya? Sau nawa kike ratsa kicin da tukunya mai zafi kafin ki kai inda za ki tace shinkafa? Wane lungu ne yake duhu da asuba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maigida, in kai ne ke karanta wannan, kuɗin naka ne amma bayan da zai yi ciwo na mai girkin ne, don haka ita za ta faɗi tsari.

A littafina abin da ya fi yawa shi ne tuƙin tuwo. Hotunan kicin da muke gani a Instagram an tsara su ne don mutanen da ba su san muciya ba. Tsayin kanta, wato saman da ake yanka da jera kaya, yakan kasance santimita 85 zuwa 90. Ki ɗora teburin gas a kai, ya ƙara kamar 10 zuwa 15, sannan ki ɗora tukunya mai zurfi. Bakin tukunya ya zo miki ƙirji ke nan, kuma ba mai tuƙa tuwon mutum goma a haka kafaɗarta ta kwana lafiya. Maganin da muka yi shi ne kanta hawa biyu: inda ake yanka santimita 88, inda gas yake zama 72. A kusurwa kuma muka bar fili a ƙasa don murhun gas mai kai ɗaya mai gajerun ƙafafu, inda nake zama a kujera 'yar tsugunno in danne tukunya in yi tuƙina kamar yadda na taso ina yi.

Hanyar gane tsayin da ya dace da ke ba wuya. Tsaya da silifas ɗin da kike girki da shi, ki lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunki, a cire santimita 10 zuwa 15. Wannan shi ne tsayin kantarki, ba na maƙwabciya ba. Faɗin kanta daga bango santimita 60 ne. Kabinet na sama a bar tazarar 50 zuwa 60 tsakaninsa da kanta, zurfinsa kada ya wuce 35, in ba haka ba goshinki zai riƙa gaisawa da shi. Hanyar wucewa a tsakiya kada ta gaza mita ɗaya, musamman in ku biyu kuke shiga.

Ki tuna da turmi. Daka a kan tayil fasa shi yake yi, ko ba yau ba. Ko dai a ware masa wuri a bakin ƙofar baya a bar shi da siminti zalla, ko a haƙura a riƙa fita da shi tsakar gida.

Bayan haka ki auna bango huɗun da tef, ki zana a takarda ko da zanen bai yi kyau ba, ki sa inda ƙofa da taga suke. Abu uku za ki fara zaunarwa: sinki, murhu, firji. Su kasance taku biyu ko uku tsakaninsu, kuma a samu kanta tsakanin sinki da murhu, don a nan rabin aikin girki yake. Sinki ya fi kyau a ƙarƙashin taga. Murhu kuwa kada ya zauna daidai taga, iskar hunturu za ta riƙa kashe miki wuta, ga labule kusa da harshenta.

Mataki na biyu: kuɗi da lokaci

Ba zan rubuta farashi ba, don na safe daban na yamma daban. Abin da ba ya canzawa shi ne tsarin kashewa. Duk abin da kuka tara, ku cire kashi ɗaya cikin biyar ku ɓoye kamar babu shi. Tsohon gini sai an buɗe shi yake faɗin gaskiya, kuma wannan ajiyar ce za ta biya gaskiyar. Mu tamu ta ƙare ƙaf a kan waya da ruɓaɓɓen katakon silin.

Ku sayi kaya da kanku, ku biya kuɗin aiki daban. Maigida ya ɗauki kafinta suka je kasuwar Katako tare, tayil da sinki kuma sai da ya taya a shago uku a cikin gari da kasuwar Building Materials ta hanyar Bukuru kafin ya saya. Kuɗin aiki a yi jinga, a raba shi gida uku: kafin alƙalami kaɗan, wani kaso in an kai rabi, ciko sai an gwada aiki an ga ya yi. A rubuta a takarda ko a saƙon WhatsApp. Ba rashin yarda ba ne, mantuwa ce ake wa magani, kuma in aiki ya kammala a biya mutum haƙƙinsa a ranar, kada a sa shi zarya.

Lokaci kuma, damina a Jos takan kama daga Afrilu har Oktoba, saboda haka mun toshe fayif ɗin muka daure har Nuwamba. Rani ya fi daɗin aiki, yashi a bushe, fenti na saurin kamawa. Illarsa ɗaya, iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, sai an dage da ba shi ruwa. A kuma duba kalanda, kada azumi ya riske ku kicin a rushe. Duk kwanakin da ma'aikaci ya ce, ki ninka. Mu sati uku aka ce mana.

Mataki na uku: inda za ki yi girki kafin a gama

Wannan ne matakin da ba wanda ya gaya mini, kuma shi ya fi taɓa ni. Kafin guduma ta taɓa bango, a kafa rumfa a tsakar gida ko a share baranda. Ki ware tukwane uku, wuƙa, ludayi, muciya, kwanukan da za su ishi mutanen gida, da kayan ƙamshi a roba mai murfi. Sauran a zuba a kwali a rubuta abin da ke ciki. Ni ban rubuta ba, na yi kwana huɗu ina neman maburgi.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: sanyin Disamba zai sa ki sha'awar shigar da kurfoti ɗaki ki rufe ƙofa. Kada ki kuskura. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Gawayi a waje, ko ana sanyin da ya fi haka.

A rumfar nan na san abin da nake da shi a da. Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina sanye da rigar sanyi biyu da safa, in tsoma hannu a bokitin da ya kwana a waje, yatsuna su ƙage har in kasa riƙe soso. Shekara goma sha ɗaya ina murɗa famfo a cikin ɗaki mai rufi da ƙofa, ban taɓa cewa alhamdulillahi don wannan ba, sai mitar cewa kicin ɗin ya tsufa. Wata safiya ina hura gawayi hayaƙi ya shige mini ido, ina ta ƙunƙuni, Hajiya na zaune a bakin ƙofarta da carbi. Ta ce, "'Yar nan, ke da kike da abin ɗorawa a wutar?" Sai ta tuna mini da abin da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta faɗa, cewa sukan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, dabino da ruwa ne abincinsu. Na san hadisin tun ina Islamiyya. Amma jin sa da mafici a hannu, ga tukunyar wake na jira, daban ne da jin sa a kan benci.

Ga maƙwabta kuma. Ranar da aka fasa bango ƙura ta hana ni ɗora komai, ban aika wa kowa ba, sai ga yarinyar maƙwabciyata da kula cike da dambu. Washegari wata ta aiko da kunun gyaɗa. Ni dai ban roƙa ba, Wanda Ya san yarana ba su ci ba Shi Ya taɓa zukatansu.

Mataki na huɗu: rushewa

A rufe ruwa daga tanki, a kashe wutar ɓangaren daga babban akwati, a fitar da tukunyar gas nesa. A rataya tsohon bargo ko leda a ƙofar da ke shiga cikin gida saboda ƙura. In kuna son ture bango don faɗaɗawa, sai wanda ya san gini ya duba ko bangon na ɗauke da rufi. Ba aikin lebura da guduma ba ne. A leƙa cikin silin a lokacin, in kwano na yoyo a fara da shi, don ba amfanin sabon kabinet a ƙarƙashin rufi mai zuba. Tsohon sinki da ƙofofin da ba su lalace ba a cire su a hankali, akwai mai buƙata.

Mataki na biyar: ruwa, shigarsa da fitarsa

A nan nake so ki tsaya a kan mai aikin famfo, ko zai ce kin cika sa ido. Tsofaffin gidajen Jos da yawa fayif ɗin ƙarfe ne a bango, ya yi tsatsa ya cushe. A cire shi gaba ɗaya. Na roba mai kauri da ake kira PPR, wanda ake haɗa shi da zafi, ya fi wanda ake liƙawa da gam, kuma yana ɗaukar ruwan zafi in kuna da niyyar sa hita nan gaba. A garin nan kuwa niyya ce mai kyau.

A sa makulli na musamman a ƙarƙashin sinki, yadda in kan famfo ya lalace za ki rufe na kicin kaɗai ba sai an hana gida duka ruwa ba. Fayif ɗin fitar ruwa ya zama mai faɗi, inci 2 ya fi inci ɗaya da rabi a gidan da ake wanke tukunyar tuwo da manja. Ya kasance da gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, kuma kwana-kwanarsa kaɗan. A ƙarƙashin sinki dole a sa tarkon nan mai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa a cikinsa. Wannan ruwan shi ne ke tare warin kwata da kyankyaso. Tsohon kicin ɗinmu ba shi da shi, kai tsaye aka zura fayif, shi ya sa muka yi ta kiwon ƙwari ba mu sani ba. A waje kuma a gina ɗan akwati mai murfi inda ruwan zai fara sauka kafin ya wuce sokawe, don maiƙo da ƙullun da suka tsere su taru a nan a riƙa kwashewa.

Ki nemi a sa magudana a daɓen kicin, mai murfi, a karkata daɓen kaɗan zuwa gare ta. Ranar wankin kicin za ki yi mini addu'a.

Kafin a shafe komai da siminti, a buɗe ruwa a bar shi cikin fayif kwana ɗaya cur. Ki bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Namu mai aikin ya ce, "Hajiya, aikina ba ya zuba." Na ce, "Malam, na yarda, takardar ce ba ta yarda ba." Mahaɗa ɗaya ta jiƙa ta. Ya yi murmushi ya sake ta, minti goma. Da an rufe, da sai a fasa sabon tayil. Sannan ki ɗauki hoton bangon da wayarki tun fayif da waya suna a fili, don ranar da za a kafa ƙusa a san inda ba a bugawa.

In unguwarku ruwan famfo sai jefi-jefi yake zuwa, ki bar wa jarka ko babbar roba mazauni a cikin tsarin tun yanzu. Kada a gama kicin mai kyau a dawo ana tuntuɓe da jarkoki a tsakiya.

Mataki na shida: wayarin

Lissafa duk abin da kike jonawa: firji, firiza, bilenda, butar lantarki, da wanda kike fatan saya. Kowanne soket ɗinsa, ki ƙara biyu. Jona abu huɗu a soket ɗaya shi ne mafarin gobara a gidaje da dama. Wayar soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce, ta fitila 1.5, in kuma akwai murhun lantarki ko obin na gashi sai a ja masa tasa mai 6 daga akwati da makashinsa daban. A tabbatar akwai wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta in ta zubo jikin firji. Waya kam a sayi ta gaske, ta jan ƙarfe zalla. A tayil za a iya neman sauƙi, a waya araha ba ta ado.

Soket ya zauna kamar santimita 15 sama da kanta, nesa da sinki da aƙalla ƙafa biyu, kuma ba a saman murhu ba. Na firji a sa shi inda hannu zai kai. Namu yana can bayan firjin, duk ranar da wuta ta zo da ƙarfi sai mun ja shi mu biyu kafin mu kashe. Kuskurena ne, ina tsaye aka sa.

Fitila ɗaya a tsakiyar silin tana jefa inuwarki a kan abin da kike yankawa. A ƙara wata a saman kanta, a kuma bar wurin fitila mai caji ko layin sola, don sahur ba ya jiran a kawo wuta.

Mataki na bakwai: gas da hayaƙi

Tukunyar gas, ko mai kilo 12.5 ce ko mai 6, wurinta waje. A huda bango a zura tiyo ta cikin ɗan fayif don kada siminti ya ci shi, a yi mata kejin ƙarfe mai kwaɗo a inuwa, iska na ratsawa, tana tsaye ba a kwance ba. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, shi ya sa kulle tukunya a cikin kabinet babban ganganci ne. Bayan an haɗa, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa. In ya yi kumfa yana tashi, akwai zuba. Ba a gwadawa da ashana. Tiyo ni duk shekara biyu nake canza shi, ko da zarar na ga ya fara tsagewa. Ki koya wa duk wanda ke gidan: in an ji warin gas kada a taɓa makunnin fitila, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga.

Hayaƙi da tururi suna son hanyar fita a sama. In taga ɗaya ce, a ƙara wata ƙarama can kusa da silin, ko a sa fankar zuƙe hayaƙi a bangon da ke kusa da murhu. Saboda sanyi muna son rufe ko'ina, sai tururi ya kwanta a bango ya zama baƙin funfuna. Kowace taga a sa mata raga.

Wani abu a gefe, tunda ana maganar gas. Jos na sama da teku da kimanin mita 1,200, don haka ruwa na tafasa tun bai kai digiri 100 ba, wajen 96. Shi ya sa wake da ganda suke daɗewa a nan fiye da yadda suke yi a garuruwan da ke ƙasa. Tukunyar nan mai murfin matsewa mai fito tana rage cin gas sosai, ki bar mata wuri a kabinet.

Daren da aka gama haɗa ruwa da gas, ƙaramin ɗana yana bitar haddarsa a falo, Suratul Waƙi'a. Hajiya ta tsayar da shi ta ce mini in saurara. A jere Allah Yake tambaya: kun ga abin da kuke shukawa, ku ne ke tsirar da shi? Kun ga ruwan da kuke sha, ku kuka saukar da shi daga girgije? Kun ga wutar da kuke kunnawa? Ta nuna kicin da haɓa ta ce, "Ga ɗakinki nan gaba ɗaya, hatsi da ruwa da wuta. Sati nawa kina biyan mutane su ja miki su zuwa kusa, amma ko ɗaya ba wanda ya ƙera." Na yi shiru. Ina riƙe da rasit ɗin fayif a lokacin.

Mataki na takwas: kanta da tayil

Shawarata, ƙasan kanta a gina shi da bulo a zuba kankare a sama, kafinta ya sa ƙofofi kawai. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, kuma zai ɗauki buhu ko babbar tukunya ba gardama. Kaurin kankaren inci 2 zuwa 3, da rodi mai milimita 10 a ciki, haɗin siminti kwano ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A yanke ramin sinki tun a katakon zubi, sinkin na wurin ana gwadawa. A ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu saboda iska, kada a cire katakon da ya tallafe shi kafin sati biyu. A sama a shimfiɗa dutsen giranit in aljihu ya kai, in bai kai ba manyan tayil masu santimita 60 sun wadatar, don layin haɗi kaɗan ne, datti ba ya samun maɓoya. A cikin kabinet ɗin a ɗaga daɓe santimita 10 sama da na kicin, ruwan wanki ba zai shiga ba.

Lissafin tayil: tsawo sau faɗi. Kicin mai mita 3 da 3.5 ya zama murabba'in mita 10.5, a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda yanka da fashewa, a sayi na 12. Kowane kwali an rubuta yawan da yake rufewa. A saya lokaci ɗaya, don launi kan ɗan bambanta daga zubi zuwa zubi, a kuma ajiye kwali ɗaya na gaba.

Na ƙasa kada ya zama mai sheƙi. Ni na ga wani fari ƙal mai ɗaukar ido na nace, mai tayil ya ɗiga ruwa a kai ya ce, "Hajiya, taka ki ji." Na taka da silifas, sai da na dafe bango. Ya ce, "To ina ga ranar miyar kuɓewa, ga tsohuwa a gida?" Muka mayar aka canzo mai ɗan kaushi, ruwan ƙasa. Na bango shi ne ake son mai santsi, don maiƙo ya goge da sauƙi, kuma a bayan murhu a kai shi har sama. In an gama ki bi kowane tayil kina ƙwanƙwasawa da cokali. Wanda ya yi ƙarar fanko ba siminti a ƙarƙashinsa, a ɗaga shi tun mai aikin bai karɓi ciko ba.

Mataki na tara: kafinta

Kafinta ya ɗauki awonsa na ƙarshe bayan an gama tayil, ba kafin nan ba. Namu ya auna tun bango na filasta don a yi sauri, tayil da siminti suka cinye santimita biyu, ranar da aka kawo kabinet na sama ya ƙi shiga. Kwana biyar aka ƙara ana yankewa.

Allon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse, yana da kyan gani da sauƙin kuɗi, amma in ruwa ya shige shi kumbura yake yi, ba ya komawa. Irinsa ne ya rufta mini. A kusa da sinki a sa filawud mai jure ruwa ko ƙofar alminiyam, a kuma liƙe bakin kowane allo. Maƙalan ƙofa da layin durowa a sayi masu kyau, su ne ke aiki kullum. A ƙasa durowa mai zurfi ta fi kabinet mai ƙofa, kina ja kin ga komai, ba sai kin durƙusa kina laluben murfi ba. Duk ramin da fayif ya ratsa a toshe shi da siminti, don ɓera kansa kawai yake nema wa hanya.

Sito ko da ƙarami ne a yi masa katakon ɗora buhu, kada shinkafa da masara su taɓa ƙasa ko bango. Dankalin turawa, wanda Allah Ya hore mana daga Bokkos da Mangu, yana son duhu da iska, haske na sa shi yin kore. Albasa kuma kwandonta daban, in an haɗa su suna saurin lalacewa. In kina sarin kayan miya a Farin Gada, ki bar wurin baza su, tumatir ba ya son a danne shi a roba.

Fenti shi ne ƙarshe, mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da tsumma, bayan filasta ta bushe sarai.

Komawa

Kafin ki jera kaya, ki cika sinki ki sake shi gaba ɗaya kina kallon ƙasa, ki jona kowane soket, ki buɗe kowace durowa. Sannan ki buɗe kwalayen nan. Za ki ga abin mamaki: sati bakwai na ciyar da mutum tara da tukwane uku, ga kwali shida na kayan da ban ko tuna da su ba, har da samiru na aure da ba a taɓa zuba musu komai ba. Na ware kusan rabi. Wata yarinya marainiya a layinmu ana shirin kai ta ɗaki, Hajiya ta sa aka kai wa gwaggonta da daddare, yadda ba wanda zai gani.

Na maƙala ƙa'ida ɗaya a jikin ƙofa saboda yara, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar: in za a kwanta a rufe kwanuka, a kashe wuta. Na ƙara da nawa a ƙasa, a rufe kan gas a waje.

Ranar Juma'a na fara girki. Na yi bisimilla na kunna, na ɗora gwaten acca da yakuwa da gauta a babbar tukunya, na ƙara ruwa da gangan don ya kai gidaje huɗu. Kular maƙwabciyata tana wurina tun ranar dambu, da ita na fara. Hajiya ta shigo da sandarta ta shafa kanta, ta murɗa famfo ta rufe, ta sake murɗawa, ta ce Allah Ya sa a ci lafiya a cikinsa. Sannan ta ja durowar cokula ta ji ta cije.

"Wannan fa?"

Na ce kafinta ya ce gobe zai zo.

Ta ce, "Wace goben?"